Daren da Tafkin Nyos Ya Yi Aman Iska

 Bayan hirar da muka yi kan ambaliya, wasu daga cikinku sun aiko da tambaya: wai da gaske ne akwai wani tafki a Kamaru da ya taɓa kashe mutane da shanu ba tare da ruwansa ya ci su ba? Da gaske ne. Sunansa Nyos. Manyan cikinku da suka yi kiwo a tsaunukan Bamenda, ko suka yi safarar shanu da goro ta Wum da Nkambe, sun san labarin, wasu ma sun rasa dangi. Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna, don wanda bai ji ba, da wanda ya ji amma yana son ya ajiye a rubuce.

Nyos yana lardin Arewa maso Yammacin Kamaru, cikin yankin Menchum, ba nisa da iyakar Nijeriya. Ƙasa ce mai sanyi, mai tsaunuka da ciyawa kore shar, irin wadda duk makiyayin da ya gani sai ransa ya biya. Shi ya sa Fulani da yawa suka kafa rugagensu a kan tuddan wurin, manoma kuma suka zauna a kwaruruka inda ƙasa ke da albarka. Tafkin ba wani babba ba ne, tsawonsa bai wuce kilomita biyu ba. Amma zurfinsa ya kai mita 200 da 'yan kai. Ku riƙe wannan zurfin a zuciya, domin a nan maganar take.

Ranar Alhamis 21 ga Agusta 1986, tsakiyar damina, wajen ƙarfe tara na dare, mutanen da ke kusa suka ji wata ƙara kamar rugugin aradu daga wajen tafkin. Ba ta daɗe ba ta yi shiru. Daga nan wani abu mai kama da hazo ya taso daga ruwan, ya tumbatsa, ya gangara cikin kwaruruka. Ya bi ta ƙauyukan Nyos, Cha, Subum da Fang. Wanda ke barci bai farka ba. Wanda ya fito ya duba ko lafiya, a bakin ƙofa ya faɗi. Wutar murhu ta mutu, fitilu suka mutu. Da gari ya waye, mutum 1,746 aka lissafa sun rasu, da dabbobi sama da 3,000, akasarinsu shanu. Abin ya kai har wajen kilomita 25 daga bakin tafkin. A ƙauyen Nyos da ke can ƙasa cikin kwari, 'yan kaɗan ne suka tsira.

Abin da ya fi ba waɗanda suka fara isa wurin tsoro shi ne shirun. Gidaje na tsaye, rufi bai yaye ba, masara na gona. Shanu kwance a makiyaya kamar masu hutawa, babu rauni a jikinsu. Tsuntsaye sun mutu, har ƙudaje babu. Duk makiyayi ya san yadda ƙuda ke rufe mushe kafin rana ta take. A nan babu ko ɗaya, domin shi ma ƙudan numfashi yake yi. Tafkin kuwa, da yake shuɗi garau, ya rikiɗe ya zama ja kamar ruwan tsatsa, kuma ya ragu da kimanin mita ɗaya. Sai da aka yi kusan kwana biyu kafin labari ya isa manyan garuruwa, saboda wanda zai kai labarin ma ya kwanta dama. Ramuka manya aka haƙa aka binne mutane tare. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To, mene ne ya kashe su?

Ɗauki kwalbar lemo mai gas, wadda kuke saya a tasha. Kafin a buɗe, in ka duba, ruwa ne kawai kwance, ba ka ganin kumfa. Amma akwai iska narke a cikinsa, murfin ne ya danne ta. Girgiza kwalbar ka ɓalle murfin, ka ga yadda za ta yi tsartuwa. Iskar nan sunanta kabon dayokzaid. Mu ce mata iskar kabon don sauƙi. Ita ce muke fitarwa duk lokacin da muka saki numfashi, ita ce kuma ke fita in ana ƙona itace. Akwai ta cikin iskar da muke shaƙa kullum, amma 'yar mitsitsiya, kamar kashi huɗu cikin dubu goma, ba ta cutar da kowa. In ta kai kashi goma cikin ɗari, mutum zai fara jiri ya suma. In ta wuce haka sosai, numfashi kaɗan ya isa. Ba ta da launi, kuma hanci ba ya kama ta yadda zai gargaɗe ka.

Tafkin Nyos kwalbar lemo ce da Allah ya ajiye a kan dutse. Ramin da ruwan ke ciki bakin wani tsohon dutse ne mai aman wuta. Dutsen ya daɗe da yin shiru, amma can ƙarƙashin ƙasa akwai narkakken dutse da har yanzu yake sakin iskar kabon. Iskar tana narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta shigo tafkin ta maɓuɓɓugan da ke gindinsa. Murfin kwalbar kuma shi ne ruwan da ke sama. Duk mita goma da ka nutsa, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukkan iskar sararin da ke kanmu. Ka lissafa mita 200. Da irin wannan danniya, ruwan ƙasa yana iya haɗiye iska ninki da yawa na girmansa, ya riƙe ta shekara da shekaru.

Za ka ce, to me ya hana ta fita kaɗan-kaɗan? A ƙasashe masu tsananin hunturu, ruwan saman tafki yana yin sanyi duk shekara, ya yi nauyi, ya nutse, na ƙasa ya taso. Wannan juyi yana sa iska ta fice a hankali. A wajenmu babu irin wannan sanyi. Ruwan sama ɗumi ne, marar nauyi, yana zaune a sama. Na ƙasa mai gishiri-gishiri da iska, mai nauyi, yana kwance a ƙasa. Ga kuma ganuwar dutse ta kewaye tafkin, guguwa ba ta samun damar dama shi. Kamar nono da aka bar shi cikin ƙwarya ba a burga ba, kowane sashe yana inda yake.

A daren nan wani abu ya motsa ruwan ƙasa ya tura shi sama. Masana da yawa sun fi zargin zaftarewar duwatsu daga gefen tafkin. Wasu sun ce ruwan sama mai sanyi na watan Agusta ne ya raunana murfin. Ko ma wanne ne, da ruwan ƙasa ya ɗan taso, danniya ta ragu, kumfa ta fito. Kumfar ta ja wani ruwan daga ƙasa, shi ma ya yi kumfa, ya jawo wani. Cikin ɗan lokaci tafkin ya amayar da iskar da aka ƙiyasta da ton dubu ɗaruruwa. Ruwa ya yi tsalle ya share ciyayi da itatuwa a gefen dutse har tsayin mita 25 ko fiye. Jan launin kuwa ƙarfe ne da ke narke a ruwan ƙasa. Da ya haɗu da iskar sarari sai ya yi tsatsa, kamar yadda adda ke yi in an bar ta a raɓa.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya fahimta, ko da zai manta sauran. Iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, kusan sau ɗaya da rabi. Saboda haka ba ta tashi sama kamar hayaƙi. Gangara take yi kamar ruwa. Tana bin kwari, tana bin hanyar rafi, tana cika rami da fadama, tana korar iska mai kyau ta maye gurbinta. A Nyos an ƙiyasta kaurinta ya kai mita 50 a wasu wurare, tana gudu kamar mota a hanyar karkara. Shi ya sa za ka samu ruga biyu, masu kiran juna a ji, ta kan tudu kowa ya tashi lafiya, ta ƙasa babu mai motsi. Bambancin tsayin wurin kwana ne kawai.

Shekara biyu kafin wannan, an ga ƙaramin misali. Ranar 15 ga Agusta 1984, tafkin Monoun da ke kusa da Foumbot, a lardin Yammacin Kamaru, ya saki irin wannan iska, mutum 37 suka rasu, yawanci a kan wata hanya da ta ratsa ta gangare kusa da tafkin. Ku fatake, ku saurari wannan. An ruwaito cewa wata motar ɗaukar kaya ta shiga wurin da asuba, sai injin ya mutu. Dole ya mutu, domin shi ma inji sai da iska mai kyau yake cin mai. Mutanen ciki suka sauko su duba, suka faɗi nan take. Waɗanda suka tsira su ne biyun da ke zaune can saman kaya. Wurin zaman da kowa ke rainawa, na mai ƙaramin kuɗin mota, shi ya ɗaga hancinsu sama da iskar.

A lokacin Monoun an yi ta raɗe-raɗin cewa wasu ne suka zuba guba. Bayan Nyos kuma zance ya bazu a kasuwanni cewa Turawa ne suka gwada bam. Har gobe akwai masu faɗar haka, kuma ban ga laifin wanda ya rasa 'ya'yansa da garkensa dare ɗaya ba in ya nemi wanda zai tuhuma. Amma an zura na'ura har gindin tafkin, an ɗebo ruwan, an ga yana tafasa da kumfa da zarar ya iso sama. An kuma ci gaba da aunawa shekara bayan shekara, aka ga iskar tana sake taruwa. Bam ba ya sake cika tafki da iska. Illar zancen bam ita ce yana sa mutum ya ɗauka abin ya wuce, alhali tushensa na nan ƙarƙashin ƙasa yana aiki.

Da aka gane haka, sai aka nemi dabarar buɗe murfin a hankali. A 2001 wata tawagar masana ƙarƙashin Bafaranshe Michel Halbwachs, tare da masanan Kamaru, ta kafa dogon bututu a tsakiyar tafkin, bisa wani dandamali mai yawo a kan ruwa, bakinsa na ƙasa ya kusa gindi. Dabarar tana da ban sha'awa. Da farko ake jan ruwa da famfo. Da ruwan ƙasa ya fara hawa cikin bututun, sai kumfa ta fito, ta tura shi sama da kanta, ba a ƙara buƙatar inji ko mai. Ruwan yana feshi sama mita da dama dare da rana, iskar tana watsewa kaɗan-kaɗan yadda ba za ta taru ba. Aka ƙara bututu biyu a 2011. Monoun ma an sa masa tun 2003. Yawan iskar a tafkunan biyu ya ragu ƙwarai. An kuma kafa na'urorin auna iska masu jiniya a kusa da Nyos. Sai dai bututu kayan hannu ne, yana tsufa, yana son mai kula da shi, kuma maɓuɓɓugan ƙasa ba su daina ba.

Mutanen da suka tsira, dubbai, an kwashe su zuwa sansanoni nesa da tafkin, aka hana komawa. Amma kun san halin ƙasa mai kyau. Manomi yana tuna gonarsa, makiyayi yana tuna ciyawar da ta yi shekaru ba a taɓa ba. Da yawa sun koma.

Akwai wani ɓangaren labarin da ya shafi 'yan uwa na tsallaken iyaka kai tsaye. Ta arewacin tafkin, abin da ke tare ruwan wata ganuwa ce ta tokar dutse da ta daskare, mai tsayin kusan mita 40, kuma ruwa ya daɗe yana cinta. A 2005 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi gargaɗi cewa tana iya ɓallewa. In ta ɓalle, ruwan zai bi kwari ya faɗa kogin Katsina-Ala, wanda ya taso daga tsaunukan Kamaru ya ratsa Taraba da Binuwai. Bayan ambaliya kuma, raguwar ruwan sama tana nufin an sassauta murfin kwalba. Daga baya an yi aikin ƙarfafa ganuwar da siminti. A gefen Nijeriya kuma aka gina madatsar Kashimbila a yankin Takum na jihar Taraba, kuma babban dalilin gina ta shi ne ta tare wannan ruwa in ya zo. Wutar lantarki da noman rani ƙari ne. In ka taɓa shayar da shanu a Katsina-Ala, ka sha ruwan da wani sashensa ya fito daga Nyos.

Kada wannan ya sa ku tsoron kowane tafki. A duk duniya, uku ne aka sani da tara iska haka: Nyos, Monoun, da Kivu da ke tsakanin Ruwanda da Kwango. Tafkin Chadi ba ya cikin wannan lissafi. Faɗi gare shi, ba zurfi, iska tana dama shi kullum. Haka tafkunan damina da madatsun ruwan da kuke shayarwa. Sharuɗɗan sai sun haɗu: zurfi sosai, narkakken dutse a ƙasa, da ruwan da ba ya juyawa. Nyos da Monoun suna kan wani jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga tsibiran teku, ya bi ta Dutsen Kamaru da ke kusa da Buea, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya hau tsaunukan Bamenda, ya miƙe har wajen Ngaundere. Tuddan Biu a Barno ma tsohon aman wuta ne ya gina su. Shi kuwa Kivu ya ninka Nyos girma nesa ba kusa ba, kuma mutane wajen miliyan biyu ke zaune a gaɓarsa. A can birnin Goma akwai ramuka da gangare inda iskar kabon ke tsattsafowa daga ƙasa ta kwanta. Suna kiransu mazuku. Awaki da ƙananan yara suka fi mutuwa a ciki, saboda hancinsu ya fi kusa da ƙasa.

Amma ga inda maganar ta zo ƙofar gidan kowa, ko da bai taɓa taka Kamaru ba: rijiya. Wane gari ne ba a taɓa jin an ce wani ya shiga yasar rijiya ya suma, ɗan uwansa ya bi shi, shi ma ya suma, na uku ya bi? Mukan ce rijiyar ce ke da iskoki. To akwai iska, amma irin ta Nyos ce. Tsohuwar rijiya mai zurfi da aka daɗe ba a ja ba, ganye da tarkace suna ruɓewa a cikinta, suna cinye iska mai kyau, iskar kabon tana taruwa a gindi, nauyinta ya hana ta fita. Haka ramin ajiye hatsi da aka rufe wata da watanni, haka tsohon ramin haƙar ma'adinai.

Tsofaffin mahaƙa rijiya sun san maganin tun kafin zuwan na'ura. Suna ɗaura fitilar ƙwai ko aci-balbal a igiya su zura a hankali har ƙasa. In harshen wutar ya ƙanƙance ko ya mutu, ba a shiga. Sai a ɗaure damin ganye ko buɗaɗɗiyar lema a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya, a sake gwadawa. Yau kowa tocila ce da shi ko hasken waya, kuma waɗannan za su haska maka tas a wurin da babu numfashi ko ɗaya. Wannan ci gaban ya raba mu da wani mai gargaɗi. Sai dai a kula: ba a zura wuta a ramin salga ko inda ake jin warin fetur ko gas, domin a can wata iskar ce mai kamawa da wuta. Kuma kada a kunna injin ban ruwa a cikin rijiya ko a bakinta mutum yana ƙasa. Hayaƙinsa wata gubar ce daban, wadda fitila ba ta nunawa. Duk mai shiga, a ɗaure masa igiya a ƙugu, mutum biyu na riƙe a sama. In ya yi shiru, a jawo shi. Kada kowa ya bi shi haka nan, komai kusancinsu. Ɗaure tsumma mai ruwa a hanci yana rage ƙura da hayaƙi, amma ba ya tace wannan iska.

Ga masu kiwo ko wucewa ta ƙasar tsaunukan aman wuta, alamun su ne waɗanda muka ambata: wuta ta mutu babu iska mai kaɗawa, inji ya tsaya a gangare ba dalili, tsuntsaye ko ɓeraye matattu tare a rami ɗaya, dabbobin da ke gaba suna layi suna faɗuwa, kai kuma kana jin numfashi na sauri da ciwon kai. Kada ka tsaya ɗaga saniya. Kada ka bi kwari da gudu, domin hanyar da iskar ke bi ke nan, kuma ta fi ka sauri. Ka hau gefen tudu mafi kusa, ka ɗora yaro a wuya. In za ku yada zango kusa da tafkin da ke cikin bakin dutse, ku kafa bukka a sama, ko da ɗaukar ruwa zai yi muku nisa.

Wanda kuma aka fito da shi a sume, a kwantar da shi a fili ta gefensa, a sassauta masa tufafi, a duba numfashi da kyau kafin a ce komai, a nemi asibiti. A Nyos akwai waɗanda suka yi sa'o'i da yawa a sume, wasu yini guda ko fiye, suka farka a tsakanin gawawwakin iyalansu bayan iskar ta watse.